Ki Nemo Mini Ya Falmata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga autata Maryama. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya. Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin masu tare hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Amin.

Na cusa ta cikin ƙullin garin kuka ne don na san halinki. Ba za ki kwance shi ba sai ranar da kika gaji da burodi da shayi, kika tuna ke 'yar mutane ce mai cin tuwo. Kada ki ce me ya hana Inna ta faɗa mini baki da baki, ko ta kira ni a salula. Ke ba ki bari mutum ya kai ƙarshen magana, halin babanki ne sak, Allah Ya jiƙansa. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. An tura ki koyarwa a lakwal, makarantar wani ƙauye kusa da Diffa, kin kuma ce mini yawancin yaran 'yan gudun hijira ne daga ƙetaren kogi. To, can ɗin nan Ya Falmata ta nufa da ta bar gidanmu bayan babbar salla. Ta ce za ta zauna wajen mata masu shanyar tattasai har ruwan kogin Komadugu ya janye, sannan ta ƙetara da ƙafa ta koma garinsu. Garin nan kuwa har yanzu mutanen daji masu bindiga ke iko da shi. Waɗanda suka koma kamun kifi, ana jin labarin wasu, ba a jin na wasu. In ta ƙetara, ba na sa ran za a sake ganinta. So nake ki nemo ta kafin ruwan ya janye. Amma ba za ki iya dawo da ita ba sai kin san abin da ya fitar da ita, ke kuwa ba ki sani ba. Duk shekarun nan kina can wajen karatu, sai hutu kike zuwa, ki ga mace zaune a kan tabarma da kwano a gabanta, ki ɗauka daɗi take ji.

Mijinta, Ba Modu, shi ne fatoman babanki, wato mai masaukinsa, duk lokacin da yake zuwa sarin bandar kifi a bakin tafki. A gidansu yake sauka, su ciyar da shi, su nemo masa kaya, su tsaya masa in an yi rigima a kasuwa. Ni a lokacin ban taɓa ganin Ya Falmata ba, sai dai yajin da take aiko mini duk tafiya, mai ƙamshin da har yau ban san me take zubawa ciki ba.

Ranar da ta zo da hantsi ne, ina tankaɗe a tsakar gida. A kan kamyo, babbar motar ɗaukar tattasai, ta zo, idanunta jawur, ƙafafunta sun tsattsage, ba ta da komai sai zanen jikinta. Direban ya ce tun daga Maine ba abin da take faɗa sai sunan babanki da sunan unguwarmu, Zango. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa na fara gaisuwa yadda aka koya mana. Sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya. Sai bakina ya zarce da kansa.

"Kin baro mutanen gida lafiya? Ina maigidan? Ina yara?"

Ta dube ni, ta ce, "Lafiya lau."

Na ce, "To madalla."

Sai da babanki ya shigo daga kasuwa yana salati na ji gaskiyar magana. An kashe Ba Modu a ƙofar gidansa. An tafi da samarinta biyu. 'Yarta kuma ruwa ya ci ta wajen ƙetarewa, hannunta na cikin na uwar har ya suɓuce. Wannan matar ce na sa ta ce mini lafiya lau, don gaisuwarmu ba ta bar wa mutum wata amsa ba sai ita. Wallahi duk lokacin da na tuna madallar nan da na yi, sai in yi istigfari.

Saboda haka ki riƙe bakinki, Maryama. In kin je gaida 'yan gudun hijirar nan, ki ce sannu, ki ce ya jiki, ki tsaya nan. Ku malaman lakwal kuma kun iya tsayar da yaro a gaban aji ku ce ya faɗi sunan ubansa da sana'arsa. Kada ki yi. Wani yaron a gabansa aka yi abin, in kin sa shi ya miƙe ya ce babansa masunci ne, kin sa shi ƙarya a gaban 'yan'uwansa, ko kin sa shi kuka. Ki jira, in ya saba da ke shi zai faɗa.

Wannan ma ƙarami ne a kan abin da ya biyo baya. Na kwashe kayana daga ɗakin gabas na ba ta, da gado da katifa da sabon zanen gado. Na ware mata kwano mai murfi, wanda ba a fitar da shi sai an yi baƙin kunya. Safe kunu da ƙosai, rana shinkafa ko dambu, dare tuwo, tsoka mafi kyau tata ce. Ni da kaina nake kai mata har ƙofar ɗaki, in ajiye, in ce bismilla, in ja labule, don kin san ba a kallon baƙo yana cin abinci. Ita kaɗai take ci. Mu muna waje muna haɗa hannu a kwano ɗaya muna hira, ita tana ciki tana jin muryarmu.

Da ƙafafunta suka warke, wata safiya na fito na same ta da tsintsiya. Na yi tsalle na karɓe.

"Haba Ya Falmata! A gidan nan? Ina raye? Zauna ki huta."

Ta ce, "Yaya, na huta. Hannuna ƙaiƙayi yake yi."

Na ce, "To ki sosa shi, shara dai ba ki yin ta."

Har dariya na yi, ina ganin na yi barkwanci. Haka muka yi a kan wanke-wanke, haka a kan surfe, haka a kan ɗiban ruwa a famfo. Duk abin da ta ɗauka sai in karɓe da fara'a. Babanki ya taɓa ce mini, "Ke, ki bar baiwar Allah nan ta taɓa wani abu mana." Na hau shi da faɗa. Na ce ka manta yadda suka riƙe ka? So kake a ce a Zango matar fatomanka ta zama 'yar aikin gidanmu? Ya ƙyale ni, don ya san in na fara ba na tsayawa. Shi ya san matar a gidanta, ni ban san ta ba. Daga baya yake ba ni labari cewa tsakar gidanta kullum cike take da masunta da masu banda, ita ke ciyar da su, ita ke raba aiki, muryarta ake ji tun daga bakin ruwa. In ta ce kifin nan bai sha hayaƙi ba, ba mai musu. Ni kuwa na ɗauke ta na ajiye a kan tabarma kamar tulu.

Ba na cewa karamci laifi ne, kada ki juya mini magana. Har gobe in baƙo ya zo, cinyar kaza tasa ce. Abin da uwata ta koya mini ke nan, ita ma abin da ta gada ke nan. Amma duk abin da aka koya mana a kan baƙo, an koya mana shi ne don mutumin da zai kwana biyu ya ɗaura kayansa ya koma gidansa, wata rana mu ma mu sauka wajensa ya rama. Ba wanda ya taɓa gaya mana yadda ake yi da wanda gidan nasa ya zama toka. Shi wannan in kin ci gaba da yi masa hidimar baƙo, kullum tuna masa kike cewa nan ba wurinsa ba ne.

Akwai ranar da na dawo daga suna a Birni, tun daga zaure na ji wani ƙamshi da ba na gidana ba. Na leƙa bayan ɗakin gabas. Ta jera duwatsu uku, ta samo wata tsohuwar tukunyar ƙasa da na jefar, ta tsinci kara, tana dafa miya irin tasu da ɗan guntun kifi. Tana tsugune tana waƙa ƙasa-ƙasa da Barbarci. Ban taɓa jin ta tana waƙa ba sai ranar. Kin san me na ji a raina? Haushi. Na ce wato abincina bai ishe ta ba, ko bai yi mata daɗi ba. In maƙwabta suka ga hayaƙi biyu na tashi a gidan nan, ai cewa za su yi na gaji da ciyar da ita na ware ta. Ban yi mata faɗa ba, da ma faɗan na yi da ya fi sauƙi. Cewa na yi, "Ayya, da kin faɗa mini kifi kike marmari!" Washegari na aika Kasuwar Dole aka sayo kifi mai kyau, na dafa na kai mata ƙofar ɗaki. Duwatsun kuma na sa aka kwashe, na ce kada kunama ta samu maɓoya. Ta ce na gode, Yaya. Ba ta sake hura wuta a gidan nan ba.

Ki ji ni da kyau. In kin ga mace a can ta jera duwatsu a bakin bukkarta, ko ba ta da abin ɗorawa sai ruwa da ganye, kada ki zo mata da dafaffe. Ki kawo ɗanye. Ki kawo gero da tsabarsa, ki bar ta ta surfa, ta daka, ta tuƙa yadda uwarta ta koya mata. In ta zubo miki, ki zauna ki ci, ko yaji ya yi yawa, ko kin ƙoshi. Ki kuma ce a ƙara miki. Kada ki yi wannan tsantsenin naku na 'yan boko, kuna duban kwano kuna tambayar da wane ruwa aka wanke.

Sai kuma bakina. Kin san ni da son a yaba. Duk wadda ta shigo gidan sai in kai ta ƙofar ɗakin gabas ta gaida baƙuwa, in mun koma gefe in ba ta labarin tun daga farko: yadda aka kashe mijin, yadda hannun yarinyar ya suɓuce. Mata su riƙe haɓa su ce Allah sarki, Hajiya kin samu lada. Ni kuwa in ce ai ba komai, yi wa kai ne. A wajen biki ma na ba da shi, a wajen jiran likita ma na ba da shi. Labarin da ita ba ta taɓa ba ni da bakinta ba, ni na yi ta rabon shi kamar goro. Har unguwa ta manta sunanta, sai dai a ce baƙuwar Hajiya. Aka riƙa aiko mata tsofaffin zannuwa. Wasu masu aikin agaji suka zo da mota, na fito da ita na zaunar a inuwa, suna tambaya ina amsa mata, alhali ta fi ni iya Hausar kasuwa. Gambo mai ƙosai ce kaɗai ta yi hankali. Ta ce mini, "Hajiya, ba ni aron matar nan mana ta riƙa kama mini suya, na ga hannunta na sana'a ne." Na ce Gambo ki kiyaye ni, baƙuwata ba ta zama bakin titi. Abin da ya same su nasu ne, Maryama. In wata ta buɗe miki cikinta, ki rufe, kada in ji shi ko ni.

Abin da ya ƙarasa shi ne rasuwar babanki. Kin zo, amma kina cikin naki kukan, ba ki lura ba. Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gida, dangi daga Tirmini sun kawo gero, ana ta dakan gumba. Ina zaune a ɗaki cikin takaba, na hango ta ta fito ta ɗaura ɗamara, ta karɓi taɓarya daga hannun wata yarinya. Ta fara daka. Ke, ban taɓa ganin daka irin wannan ba, turmin har tsalle yake. Tana yi hawaye na zuba, ba ta share ba. Mutumin nan shi kaɗai ya rage a duniya wanda ya san mijinta da 'ya'yanta, ya ci tuwonta, ya san ko wace ce ita. Nata mamatan ba ta samu ta yi musu wanka ba, ba ta daka musu gumba ba, ba wanda ya zo ya zauna mata. Wannan ce kaɗai sadakar da ta samu ta sa hannu a ciki.

Ni kuwa da na ji wata tsohuwa ta ce, "A'a, har baƙuwa aka sa daka?" sai na miƙe, da takabata da komai, na fita na riƙe taɓaryar.

"Ya Falmata, don Allah kada ki ba mu kunya. Ga 'yan gida nan, su za su yi."

Ta riƙe, na riƙe. Sannan ta saki, ta kwance ɗamararta, ta koma ɗaki. Na aika mata da gumba a kwanonta mai murfi.

Ta jira har na fita takaba, ta jira aka yi salla, don ita mai kunya ce. Sannan wata rana bayan la'asar ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce za ta tafi. Na ce ina? Ta faɗa. Na ce hauka kike? Me aka yi miki? Me kika nema kika rasa a gidan nan?

Ta ce, "Ban rasa komai ba, Yaya. Allah Ya saka miki da alheri, ko uwata iyakar abin da za ta yi ke nan."

Na ce, "To kashe ki za su yi."

Ta ce, "Wataƙila. Amma in sun same ni, a kan aikina za su same ni. Nan kuwa kullum ji nake kamar an gama yi mini wanka an naɗe ni, ana jiran masu ɗauka."

Na yi kuka, na yi faɗa, na kira liman ya yi mata nasiha. Na ce za a ƙara mata kifi, za a sa mata fanka a ɗaki. Ki ji fa, har a lokacin abin da nake tayawa ke nan. Ta ninke zannuwan da aka ba ta ta bari a kan gado, ta share ɗakin tas, ban hana ta ba wannan karon don ban gani ba. Ta tafi da zanen da ta zo da shi. Har tasha na bi ta da ƙullin guzuri, ta karɓa don kada ta kunyata ni a gaban mutane.

To ga abin da nake so ki yi. Duk ranar da ba lakwal, ki shiga wajen masu shanyar tattasai da masu bandar kifi, ki tambayi Ya Falmata matar Ba Modu fatoma. Doguwa ce, baƙa, da tsagar Barebari, haƙorinta ɗaya na gaba ya gutsure. Kada ki tafi da mota, kada ki tafi da mai kaki, tsoro za su ji su ce ba su san ta ba. Ki yi lulluɓi ki tafi da ƙafa kamar kowa. Kada kuma ki kusanci bakin kogi, na haɗa ki da Allah, ba na son in nemi ɗaya in rasa biyu.

In kin same ta, kada ki ce mata ɗakinta na nan, kada ki ce akwai abinci. Ta san da su ta tafi. Ki gaya mata abin da ban gaya miki ba, don kada ki ƙi tafiya aikinki. Gwiwoyina sun ƙare, Maryama. Tun kafin ki tafi a zaune nake salla in ba ki nan. Ba na iya ɗaga tukunya daga murhu, ba na iya tsugunawa. Ranar da kika je karɓo takardunki na faɗi a bayan gida, na daɗe a ƙasa kafin in ja jiki in fito. Yayyenki suna gidajensu da nasu nauyin, matan unguwa kuma sun saba ni ke aika musu, ba ni ake aiko wa ba, bakina ya kasa buɗewa. Ki ce mata Yaya tana can ita kaɗai a gida, ba mai hura mata wuta. Ki ce ban aiko ki da kyauta ba, roƙo na aiko ki. Ki ce ta zo ta riƙe gidan, ta yi mini faɗa in na sa hannu.

In kuwa kin tarar ta riga ta ƙetara, ko kin ji wani labarin, kada ki ɓoye mini don tausayi. Ki kira ni ki faɗa yadda yake. Zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a zauna mata, ita da Ba Modu da yaran duka, tun da ba a taɓa zauna musu ba. Duk wanda ya tambaye ni wa ya rasu, zan ce ƙanwata.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya tsare ki da rana, Ya tsare ki a makwancinki. Ya sa yaran da aka ba ki su amfana da ke, Ya mayar da kowa gidansa ko Ya ba shi wanda ya fi. Ya riƙe ruwan kogin nan har ki isa gare ta. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Ni ce innarki,
Habsatu, Zango, Damagaram.